Babur ka gyara, kai fa?

Saura kwana tara in bar Agege a kan babur zuwa Kano, daga can in wuce Damagaram wurin kawuna, in yi wata uku. Na sauya taya, na zuba sabon baƙin mai, amma zuciyata ta yi nauyi. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ɗanɗano.

Na yi ta ɓoyewa har dattijon da ke sayar mana da shayi ya lura. Ya ce, "Ɗana, babur ka gyara, kai fa?" Nan na zauna na amayar masa da komai: tsoron hanya, da barin 'yata mai shekara biyu.

A daren na yi barci. Na ɗage tafiyar da mako guda, kuma ban ji kunyar kowa ba.