Yadda Motar Soja Ta Zama Farar Hula

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Duk wanda yake son ya gane zurfin wannan karin magana, to ya sayi tsohuwar motar da sojoji suka yi gwanjonta. Kuɗin sayen ba shi da yawa, amma daga ranar da ka biya shi ne aiki yake farawa, domin kuwa an ƙera motar ne saboda bukatun soja, ba saboda naka ba. A wannan ɗan rubutu ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin irin wannan mota da muka saya a gidanmu, da yadda muka bi da ita har ta zama farar hula.

Mu manoma ne a yankin Idanre ta Jihar Ondo, ƙasar duwatsu da koko. Ban da koko muna noma agade, kalmar da Hausa ta aro daga harshenmu na Yarbanci. Matsalarmu ba ta noma ba ce, ta hanya ce. Daga gonarmu zuwa bakin kwalta akwai hawa da gangara da rafi guda biyu, kuma da zarar damina ta kankama babu ƙaramar motar da ke iya shiga. Sai dai 'yan acaba su riƙa fito da kaya buhu ɗaya ko biyu. Koko yana iya jira idan ya bushe sosai, amma agade ba ya jiran kowa. Masu saye sun san da haka, saboda haka sukan zo har gona su yi tayin da suka ga dama, mu kuma mu sallama, don gara a sayar da araha da a zuba ido kaya su ruɓe.

A shekarar 2024 farashin koko ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A watan Maris tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, kafin ƙarshen shekara kuma ya wuce dala 12,000. A karon farko mahaifina ya sami rarar kuɗi a hannu. Sai dai rarar ba ta kai ta sayi Toyota Hilux ba, ko da ta hannu ce. Wannan ne ya sa muka karkata ga tsofaffin motocin gwanjo a farkon 2025. Ni aka ɗora wa riƙe littafin lissafi da karanta takardu, tunda ni ne ɗan boko, yayana kuma shi ne direba.

Motar da muka samu Land Rover ce samfurin Series III, mai dogon jiki da buɗaɗɗen baya irin na akori-kura. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, shi kuma wannan samfuri an yi shi daga 1971 zuwa 1985, har kamfanin Leyland ya taɓa harhaɗa irinsa a Ibadan. Bodinta na alminiyom ne, saboda bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila. Injinta mai shan fetur ne, lita 2.25, ƙarfinsa kamar na doki 70. Ba ta da gudu, amma kusa da giya akwai wasu sanduna biyu, ɗaya mai rawayen kai, ɗaya mai jan kai. In ka danna mai rawayen kai, tayoyi huɗu ne za su riƙa ja. In ka jawo mai jan kai baya, motar za ta koma tafiyar kunkuru, amma da ƙarfin da zai fitar da ita daga taɓo ko ya hau da ita dutse. Waɗannan sanduna biyu su muka je saye, sauran duk rakiya ce.

Abu na farko da muka duba ba inji ba ne, takardu ne. Kafin wannan mota mun ga wata a wajen wani dillali, wadda ta fi ta kyau, ta kuma fi ta araha. Da na nemi takardar da ke nuna cewa an sayar da ita a gwanjo, sai ya ce mu biya tukuna, takarda za ta biyo baya. Mahaifina bai ce masa komai ba, ya dai gyara hularsa muka fito. Motar soja da ba ta da shaidar fita daga hannun soja ba taka ba ce, ko nawa ka biya. A wajen dillali na biyu mun tarar da rasit na gwanjo da takardar mallaka, na kuma durƙusa da kaina na goge lambar da aka buga a jikin shasi, na gwada ta da wadda ke rubuce, harafi bayan harafi.

Shasi shi ne ƙashin bayan mota, kuma nan ne tsohuwar Land Rover take yaudarar mutane. Tunda alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai ka ga bodi sumul, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashi ya cinye. Mun tafi da wani dattijon makaniki wanda ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan motoci. Bai ko buɗe inji ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ƙarfe ke da lafiya ƙara takan fito garau, inda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji dum. Ya sami ɓarna a ƙarfen da ya gitta can baya da kuma wurin da direba ke ajiye ƙafa, ya ce wannan aikin mai walda ne na kwana uku. Yayana ya nuna masa agogon tafiya yana murna, wai motar ba ta yi nisan zango ba. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Yaro, zama ya fi tafiya kashe mota. Duk wata roba da ke jikinta ta mutu." Haka kuwa aka yi. A kan janwe muka kawo ta gida.

Gyaran farko da muka yi shi ne fenti, kuma ba don ado ba. Akwai doka a ƙasar nan tun 1977, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, wadda ta hana farar hula tuƙa mota mai launin koren soja. Ko da babu doka ma, a wannan zamani na rashin tsaro, mai hankali ba zai so a gan shi a shingen bincike cikin mota mai kama da ta soja ba. Mutanen ƙauye ma in sun hango ta sai su shiga daji. Saboda haka tun tana kan duwatsu a gareji aka kankare koren, aka goge duk wata alama da lamba, aka fesa mata shuɗi mai haske. Daga nan muka yi mata rajista, aka ba ta lambar farar hula, muka yanki inshora.

A kan abin da zai biyo baya ne aka sami saɓani a gida. Yayana yana son a sa mata manyan tayoyi da ƙarfen gaba da jerin fitilu a sama, a kuma cire injin a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Mahaifinmu ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi, "Idan ka ɗauko kaya kana gangarowa daga dutse, wanne daga cikin waɗannan zai tsayar da kai?" Yayana ya ce, "Baba, birki ne." Ya ce, "To, da shi za mu fara." Birkin wannan mota irin na da ne a duk tayoyi huɗu, mai lainin da ke matse ganga daga ciki. An canza lainin, an canza bututun man birki da tsatsa ta ci, da duk robobin da ke riƙe man. Bayan haka aka koma kan sitiyari, aka cire wasan da ke cikinsa. Tayoyin kuwa zanensu bai goge ba, amma gefensu duk ya tsattsage. A nan na koyi cewa a gefen kowace taya ta zamani akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Da wannan ilimi na tsaya a kasuwa na zaɓi tayoyi biyar, girmansu daidai da na asali.

Abin da ya fi nuna cewa motar soja ce shi ne wutarta. Ƙananan motocin farar hula da folt 12 suke aiki, amma tamu an yi ta ne don ɗaukar rediyon sadarwa, saboda haka batir biyu gare ta, folt 24. Hatta fulogoginta na musamman ne, an lulluɓe wayoyinsu da ƙarfe don kada tartsatsin wuta ya dami rediyo. Wannan dabara ce mai kyau a fagen fama, amma a ƙauyenmu masifa ce, domin ranar da fulogi ɗaya ya mutu babu shagon da za ka same shi. Mun mayar da ita folt 12. Wannan ya ci kik mai tayar da inji, da na'urar cajin batir, da kwayil, da mai rarraba wuta, da injin waifa, da kowane ƙwan fitila. Sau biyu na je kasuwar kayan mota ta Agodi Gate a Ibadan, sau ɗaya kuma Ladipo a Legas, da tsohon ƙarfe a jaka don in gwada da sabo. A littafina wannan shafi ne ya fi kowanne tsawo.

Maganar inji ita ce ta fi ɗaukar mu lokaci, kuma yayana yana da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ga shi kuma wannan inji mashayi ne. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko, a sa mata injin dizal mai suna 200Tdi, wanda ya fito a 1989, mai ƙarfin doki sama da 100 da kuma tsimin mai. Amma dattijon makaniki ya ce giyar motar ba a yi ta don wannan ƙarfi ba, in direba mai zafin ƙafa ne sai ta zubar da haƙora, kuma ga tsadar dizal. Ta biyu, a mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ta fara tallatawa a 2023. Sai dai tukunyar gas za ta cinye wurin kaya, wurin sayen gas ɗin kuma ya yi mana nisa. Ta uku, a bar mata injinta a gyara shi. Da na yi lissafi sai na ga tafiyarmu gajera ce, daga gona zuwa gari ne kawai, kuma za a yi shekaru kafin tsimin man ya biya kuɗin sabon inji. Muka zaɓi ta uku. Aka wanke kafireto da tankin mai, inda tsohon fetur ya daskare kamar ƙaro, aka gyara lagireto, aka canza baƙin mai da na giya. Ranar da ta tashi, yaran unguwa har da tafi.

Abin da muka ƙara mata na kanmu kaɗan ne. An shimfiɗa katako a bayanta don kada kaya su lotsa alminiyom, an ɗaga ƙarafan gefe, an ɗinka sabon tamfol saboda ruwa abokin gabar busasshen koko ne. An kwance sifirin aka wanke aka shafa mai, aka canza waɗanda suka karye. An yi motar ne don ɗaukar kilo 750, buhun koko na fitarwa waje kuwa kilo 62.5 ne, wato buhu 12 ke nan. Mahaifina ya sa an rubuta wannan lamba da fenti a cikin bodi, inda duk mai lodi zai gani. Da na rufe littafi, kuɗin gyara ya kusan ninka kuɗin saye sau biyu.

Ta fara aiki a daminar 2025. Ba ta da daɗin zama, ƙararta ba ta bari a yi hira, sitiyarinta kuma sai mai ƙwanji. Amma agaden da aka sare da safe yana isa kasuwa kafin azahar, kuma yanzu mu ne muke faɗin farashi. Maƙwabta ma suna ba da kuɗin mai a fito musu da nasu kayan, har sau biyu ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. A cikin wannan shekara farashin koko ya sauko ƙwarai, sai muka gode wa Allah da ba mu zuba kuɗin a fitilu da manyan tayoyi ba.

Ni kuma na sami wata riba da ban yi tsammani ba. Idan muka kai kaya kasuwar Shasha ta Akure, Hausawa 'yan kasuwa da direbobi sukan kewaye ta suna cewa, "Kai, Landiroba!" Wani dattijo ya ce mini, "Ɗan samari, in ka je tsaunin Mambila za ka ga 'yan'uwanta suna hawa da kaya." Daga bakinsu na tsinci kalmomi irin su totur da salansa da lagireto da janwe, na kuma ga yadda Hausa take saka wasali tsakanin baƙaƙen Ingilishi har kalma ta zauna daram a bakin Bahaushe. Abin da malamanmu suke koya mana a darasin aron kalmomi, ga shi na same shi a bakin tasha.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk wanda gidansu ke tunanin sayen irin wannan mota ita ce ya bi abin daki-daki: takarda tukuna, sai shasi, sai fenti, sai birki da sitiyari da taya, sai wuta, inji ya zo a ƙarshe. Ya tafi da makanikin da ya san ta, ya kuma ware kuɗin gyara tun kafin ya taya. In aikinsa na kan kwalta ne, to ya nemi wata motar. In kuwa hanyarsa irin tamu ce, zai ga gaskiyar masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya kuma sa albarka a abin da muke nomawa, amin.