Abokin Tafiya Na Cikin Salula

A Magarya akwai wani tsohon manomi da ya koma sayen gyaɗa da riɗi. Ya ajiye hauya, ya sayi moto. Daga gida sai rumfa, daga rumfa sai gida. Ciki ya fito, wuya ya cika. Mutane suna cewa Alhaji ya ji daɗi. Amma likita ya gwada shi, ya ce ƙiba ta yi yawa, jini ya hau. Ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa rabin awa, kwana 5 a mako. Minti 150 ke nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya gaza.

Ya yi kwana 3 ya bari. Gwiwa na ciwo, numfashi na yankewa, ga masu tambaya: "Alhaji, moto ta lalace ne?" Ya gwada fita da ɗansa. Yaro ya yi gaba kamar barewa, uba ya zauna gindin gawo.

To, yana da amini a Dungas, shi ma mai jiki, amma ya ɗan fi shi ƙarfin ƙafa. Suka yi alkawari. Bayan sallar asuba sai ɗaya ya kira ɗaya da salula, kowa ya kama hanyar gonarsa. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya. Alhaji ba ya so a ce shi ne ya tsayar da tafiya. Sai ya daure.

Manoma sun san wannan tun wajen gayya. Ba mai son kunyarsa ta zama ta baya. Masana ma sun gwada. Wajen 1926 wani Bajamushe, Otto Köhler, ya sa matuƙa kwalekwale na Berlin ɗaga nauyi bibbiyu. Ya ga mai rauni ya fi daurewa in an haɗa shi da wanda ya fi shi kaɗan. In ratar ta yi yawa, sai ya saki. A 2011 Deborah Feltz da abokan aikinta na jami'ar jihar Mishigan, a Amurka, suka sake gwadawa. Su abokin nasu ba ya ma ɗakin, hoto ne a allon na'ura. Duk da haka mutane suka fi daɗewa suna motsa jiki.

Wata safiya waya ta ƙi shiga. Alhaji ya tsaya ƙofar gida yana shawara. Ya ce a ransa, mutumin Dungas ya riga ya fita, ba shi yiwuwa a bar shi shi kaɗai. Ya tafi har gona, ya dawo jiƙe da gumi. Da azahar waya ta shiga.

"Aboki, yau ka kai ina?"

"Ina fa! Masassara ta kwantar da ni tun jiya. Kai fa?"