Hula ba ta da laifi a maganar sanƙo

A makarantar nan tamu akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo, kowa ya haddace ta: wai yawan sa hula ne yake kawo sanƙo. Ana faɗarta a ɗakin kwana, ana faɗarta a layin karɓar abinci, kuma duk ranar Juma'a da muka fito da manyan kaya ba a rasa wanda zai fizge hular abokinsa ya ce cetonsa yake yi. Har dalilai ake kawowa. Wasu su ce hula tana hana gashi shan iska, wasu su ce zafi da gumi ne suke dafa shi, wasu kuma su nuna dattawan da ba sa rabuwa da hula su ce ga shaida nan a fili. Ni dai ban yarda ba, kuma ina son in faɗi dalilina, domin maganar ta wuce wasa. Ita ce take sa mu bar jaki mu koma dukan taiki, alhali abin da yake cinye mana gashi da gaske yana nan tare da mu.

Zan fara da gidanmu. Kakana na wajen uba ya haura shekara 70, kuma tun yana saurayi hula ba ta barin kansa sai in zai yi wanka ko zai kwanta. Amma duk ranar da wanzami ya zo ya tuɓe ta, sai ka ga gashi fari fat, cike daga goshi har ƙeya. Kawuna kuwa, ƙanin mahaifiyata, bakanike ne, ba ya sa hula sai ranar Sallah ko ɗaurin aure, amma kafin ya cika shekara 30 tsakiyar kansa ta fara sheƙi. Mahaifinsu ma haka yake, hotonsa yana nan a ɗakin Kakata. Mutum biyu ko uku ba su isa hujja ba, don haka mu faɗaɗa dubawa. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram da wuya ka ga magidanci ya fito kai babu hula. Da ita ce take kawo sanƙo, da mu ne muka fi kowa shi a duniya. Sai ga shi Turawa ne suka fi fama da shi, har ana ƙiyasta cewa kusan rabin mazansu suna da shi kafin su wuce shekara 50, kuma galibinsu ba su damu da hula kamar mu ba.

Batun shan iska kuwa, darasin Bayoloji ya isa ya warware shi. Gashin da muke gani a waje ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi kuma ba ya jini. Wurin da yake da rai shi ne saiwarsa, wadda take can cikin fata. Abincinta da iskar oksijin ɗinta duk ta ƙananan jijiyoyin jini suke zuwa mata, kamar yadda suke zuwa wa hanta da ƙoda. Babu wata saiwar gashi da take leƙowa waje neman iska. Kafin hula ta matse kai har ta tare wannan jinin, ciwon kai ya daɗe da sa mai ita ya yi jifa da ita.

Wani zai ce, to gashin da nake gani a cikin hulata idan na cire ta fa? Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana girma kamar santimita 1 a wata, ya yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sannan ya huta kamar wata 3 ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Saboda haka lafiyayyen mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana. Wanda ba ya sa hula nasa yana bin iska ko ruwan wanka bai sani ba. Mai hula kuwa ta tara masa su ne wuri ɗaya ya gani, shi ke nan laifinta.

Sanƙon da muka sani na maza, wanda yake farawa daga gefen goshi biyu ko daga tsakiyar kai, abu biyu ne suke haɗuwa su kawo shi: gado da sinadarin mazantaka. A jikin namiji akwai sinadarin testostiron, wanda wani ɓangarensa yake juyewa ya koma wani da ake kira DHT. Idan mutum ya gaji saiwar gashi da ba ta jure wa DHT, sai ta riƙa tsukewa a hankali. Duk sabon silin da ya fito sai ya fi na baya siriri da gajarta, har ta kai ba a ganin komai. Saiwar gefen kai da ta ƙeya ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa mai sanƙo yake da gashi a kewaye. Ku lura da kyau, nan ne kuma daidai inda bakin hula ya fi matsewa. Da matsi ne yake kawo sanƙo, da ta nan zai fara.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun zamanin Girkawan da, an lura cewa babanni, wato mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga, ba sa yin sanƙo. A shekarar 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya wallafa bincikensa a kan irin waɗannan maza. Ya nuna cewa ba sa yin sanƙo, amma idan aka ba su testostiron, waɗanda suke da gadonsa a danginsu sai gashinsu ya fara zubewa. Gadon kuma ta ɓangarori biyu yake zuwa. Ɗaya daga cikin muhimman ƙwayoyin gadon tana kan kuromosom X, wanda namiji yake samu daga mahaifiyarsa, amma akwai wasu da yawa da suke iya zuwa daga uba ko uwa. Wanda yake son ya hango makomar kansa, ya dubi baffanninsa da kawunnansa, ya ƙyale hularsa.

To me ya sa muke yawan ganin masu sanƙo da hula? Saboda mun juya lissafin ne. Wanda gashinsa ya fara tafiya shi ya fi buƙatar rufe kai, don zafin rana yana dukan fatar kai tsaye, ga sanyin hunturu, ga kuma bakin mutane. Sanƙon ne ya fara zuwa, hula ta biyo baya. Masu tarihin Rum sun rubuta cewa Yuliyas Kaisar yana jin kunyar sanƙonsa ƙwarai, har ya fi murna da izinin da aka ba shi na sa kambin ganye a kai kullum fiye da sauran karramawar da aka yi masa. Babu mai hankalin da zai ce ganyen ne ya cinye masa gashi. Kamar ka ga mutane da lema a damina ne ka ce lema ce take jawo ruwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A ƙananan azuzuwa ba ka rasa yaro mai wani fili zagaye a kansa, fari-fari, gashin wurin ya kakkarye. Makero ke nan, kuma ƙwayar cuta ce irin ta naman gwari da take cin gashi da fata. Ƙanina ya taɓa kwaso shi a wani shagon aski inda ake bin kan yara ɗaya bayan ɗaya da inji guda ba tare da an wanke shi ba. Ya yi makonni yana shan magani, ya kuma sha tsokana a wurin abokansa. A nan kam hula tana iya shiga magana, amma hular aro. Makero yana bin hula, mataji, tawul, matashin kai da injin aski ya tashi daga wannan kai zuwa wancan. Wasan fizge hular wani ka ɗora a kanka, wanda ake yi da sunan tsoron sanƙo, shi ne hanya mafi sauƙi ta kwasar cutar da take zubar da gashi da gaske. Makeron kai kuma ba ya jin maganin shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha na tsawon makonni bisa umarnin likita. Masu shafa man birki ko kananzir ƙona fatar kawai suke yi. Idan aka bar shi ya kumbura ya yi ruwa, yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba har abada.

'Yan uwana mata ma an ɗora wa ɗankwali da hijabi irin wannan laifin, wai su suke cinye gaban goshi. Abin da ya fi cinye shi shi ne kitso mai tsauri. Idan aka ja gashi aka ɗaure tamau, mako bayan mako, saiwar tana gajiya ta saki. Ƙanwata takan dawo daga gidan kitso ido ya ja baya, ta kwana ba ta iya ɗora kai a matashi, ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, kuma ana ce mata haƙuri za ta yi, ado sai da wahala. Da Umma ta ga gaban goshin ya fara yin baya, sai ta hana a ja mata, ta sa ake sauya salon kitson ana kuma barin gashin ya huta. Cikin 'yan watanni ya dawo. Da an daɗe ana yi, saiwar za ta mutu ne gaba ɗaya. Kitson da ya hana barci gargaɗi ne. Haka ma ɗaurin ɗankwali ko hular da take barin shata a goshi kullum, gogar tana iya karya gashin wurin, don haka a sassauta.

Akwai kuma zubewar gashi da take biyo bayan rashin lafiya. Wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani, kamar taifot, ko macen da ta haihu, sukan ga gashi yana zuba da yawa bayan wata 2 ko 3. Ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki ma suna yin haka. Irin wannan yakan dawo idan jiki ya murmure, amma alama ce da ya kamata a nuna wa likita. Wanda ya ce ai hula ce, ya cire ta ya zauna, ya rufe ƙofar gano ciwon da yake damunsa.

Wannan camfi yana iya kai wa ga asarar rai ma. Na sha jin masu babur suna cewa ba za su sa hular kwano ba don tana cinye gashi. Mutum ya ajiye abin da zai kare masa ƙoƙon kai a kan kwalta saboda tsoron abin da hular ba ta kawowa.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Kowa ya riƙe hularsa da matajinsa da tawul ɗinsa, kada a yi aro. A wanke hula a shanya ta a rana, domin gumi da datti suna kawo ƙaiƙayi da ƙuraje ko da ba su kawo sanƙo ba. A shagon aski a tsaya sai an tsabtace inji, wanda yake da hali ya sayi nasa. Ina kuma roƙon malamanmu masu duba tsafta ranar Litinin, idan sun ga makero a kan yaro su tura shi ɗakin shan magani a asirce, kada a fito da shi gaban taro.

Su kuma masu yi wa malamai da dattawa laƙabi saboda sanƙo, su tuna cewa babu wanda ya zaɓar wa kansa gado, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A cikin masu dariyar yau akwai waɗanda nasu yana nan tafe, ko sun sa hula ko ba su sa ba. Ranar da ya iso, hular nan da suke zagi ita za su fara nema a kasuwa.