Zaren 'Yar Koyo a Bradford da Kano

A Bradford, garin Ingila da ya yi arziki da masaƙun ulu a ƙarni na 19, mai shagon zare ba ta fara yi miki maganar launi. Sai ta ji abin da za ki saƙa, ta ji ko hannunki ya saba da tsinke. In mayafin wuya ne kuma yau za ki fara, za ta kai ki wajen zare mai kauri, irin wanda suke kira Aran, da ake saƙawa da tsinke mai milimita 5, ko wanda ya fi shi kauri. Za ta hana ki baƙi, ta hana ki mai gashi buzu-buzu, domin ba za ki ga idon saƙar ba, warwarewa kuma wahala.

A gida, ido ne ke saye. Mace ta shiga kasuwa a Kano gabanin hunturu, ta ɗauki launin da ya yi mata, ta taɓa ta ji laushi, shi ke nan. Abin da muke kira ulu ma galibi zaren roba ne daga masana'anta, kuma dalilin a fili yake: tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su gajere, ba a yi musu sausayar ulu kamar tumakin Merino.

Ban yarda da masu raina zaren roba a nan ba. Ulun gaske yana da tsada, wani yana sa ƙaiƙayi a wuya, in ya sha ruwan zafi da cuɗa kuma sai ya tsuke ya cure. 'Yar koyo da za ta warware layi sau da yawa ba ta bukatar wannan fargaba.

Abin da nake so mu ɗauka daga Bradford shi ne karanta takardar da ke naɗe da dunƙulen. Tana faɗin girman tsinke, da tsawon zaren, da lambar rini. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san tsomi biyu ba sa fitowa daidai. Haka dunƙule biyu masu launi ɗaya kan bambanta a tsakiyar mayafi in lambarsu ta saɓa.

Don haka 'yar'uwa, ki nemi mai kauri, mai haske, mai santsi, ki sayi giram 200 zuwa 300 a lokaci guda, duk lamba ɗaya.