Wa ke da ikon ce maka lokacinka ya ƙare?

A teburin poka na manyan gasanni, mai raba karta ya fi kowa aiki, kuma shi kaɗai ne ba ya da ko dala a cikin abin da ake wasa a kai. Shi ke cakuɗa karta, shi ke rabawa, shi ke ƙirga abin da aka zuba a tsakiya, shi ke nuna wanda layi ya zo kansa. Amma idan wani ɗan wasa ya tallafe haɓa ya yi minti biyar bai ce uffan ba, mai rabon nan ba ya da ikon ɗauke masa karta. Sai dai a kira wani mutum dabam da ke yawo tsakanin teburori, shi ne zai zo ya yanke. Da farko na ɗauka raini ne ake yi wa mai rabo. Da na ƙara kallo, sai na ga rufin asiri ne aka yi masa, kuma abin ya taɓa wata rigima da ta kusa watsa fadarmu.

Na san abin da wasunku za su ce: ai poka caca ce. Haka ne, kuma matsayin caca a gidajenmu ba ɓoyayye ba ne. Ni a salula nake kallonta, a YouTube, ranar da rezo ya yi kirki. Dokokinsu ne suka ja hankalina, kamar yadda mutum kan san dokar kokowa sarai alhali bai taɓa ɗaura warki ba. Mutanen da ke zuba dukiya a kan tebur ba su yarda da "a yi haƙuri" ba, komi sai sun rubuta shi, don haka akwai abin dubawa a yadda suka rubuta zancen lokaci.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. A irin wadda aka fi yi, ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya bi da bi. Idan wani ya zuba kuma layi ya zo kanka, ko ka zubar da kartarka ka fita daga wannan rabon, ko ka biya daidai abin da ya zuba, ko ka ƙara a kai. A gasa ba a wasa da tsabar kuɗi. Kowa na biyan kuɗin shiga a ba shi ƙwandalolin wasa, abin da muke ce wa jeto, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Babbar gasar duniya, WSOP, da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970, kuɗin shiga babban wasanta dalar Amurka 10,000 ne, sama da sefa miliyan 5. A 2024 mutum 10,112 suka shiga.

Abin da ya sa lokaci ya zama dukiya a nan shi ne zubin dole. A kowane rabo akwai mutum biyu da dole su zuba wani abu tun kafin su ga kartarsu, kuma wannan zubin yana hawa da agogo. A babban wasan WSOP, duk awa biyu sai ya ƙaru. To ka ga mai ƴan jeto kaɗan, kowane minti da wani ya cinye yana tunani, daga cikin nasa rabon aka ci. Yana zaune bai taɓa komi ba, farashi na hawa a kansa. Akwai kuma masu jinkirin ganganci. Kashi kaɗan ne cikin waɗanda suka shiga ke samun kuɗi, saboda haka idan an kusa kai wa wannan iyaka, sai wasu su riƙa jan ƙafa da fatan wani a wani tebur ya riga su faɗuwa. Maganin da aka samo wa wannan shi ne a daidaita teburori duka: kowane tebur ya yi rabo ɗaya ya tsaya, sai kowa ya gama sannan a sake rabawa tare.

Don sauran jinkiri kuwa akwai abin da suke kira kiran agogo. Ƙungiyar daraktocin gasar poka, TDA, da aka kafa a 2001, ita ce ta tsara dokokin da gasanni da yawa ke bi. Idan wani ya daɗe, ɗan wasa na iya cewa a kira masa agogo. Mai rabo ba zai fara ƙirge ba, sai ya kira alƙalin zaure. Alƙalin kan tambayi mai rabo ko mutumin ya samu isasshen lokaci, tunda shi ne ya ga abin tun daga farko. In ya gamsu, sai ya ba shi sakan 25, sannan ya ƙirga biyar na ƙarshe da babbar murya. A da minti guda ne ake bayarwa, daga baya aka rage. In ƙirge ya ƙare bai motsa ba kuma akwai zubi a gabansa, kartarsa ta mutu, ko da ita ce ta fi ta kowa. In babu zubi a gabansa, a ɗauka ya ce a wuce. Wato shirunka ma an rubuta ma'anarsa tun kafin ka zauna.

Ku lura da yadda aka raba ikon. Wanda jinkiri ya dama shi ke kai ƙara, mai rabo shaida ne, alƙali ke yankewa, kuma doka ta farko a littafin TDA ta ce hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Mi ya sa ba a bar wa mai rabo duka ba? Domin shi ne mafi rauni a teburin. A Amurka yawancin abin da mai rabo ke samu daga tukwicin ƴan wasa yake fitowa. Yana zaune kafaɗa da kafaɗa da masu kuɗi da fitattun da ake nunawa a talabijin. Ranar da ya kashe kartar wani babba da hannunsa, ya sayi gaba, ranar da ya ƙyale shi kuma a ce ya yi son kai. Da aka ɗauke masa wannan nauyin, sai ya samu damar faɗin gaskiya idan an tambaye shi, ba tare da shi ne ya sare wuyan kowa ba.

Wanda ya fi kowa gwada wannan tsari shi ne wani ɗan Ingila, William Kassouf, wanda ya yi aikin lauya kafin ya koma poka. Salonsa surutu ne da jan lokaci, har abokin karawa ya gundura ya yi kuskure. A babban wasan WSOP na 2016 an yi ta kira masa agogo, daraktan gasar, Jack Effel, ya taɓa fitar da shi daga tebur na zagaye guda saboda ya ƙi daina tsokanar wata ƴar wasa tana cikin tunani. Ya ƙare na 17 a shekarar, bayan wata cacar baki da Griffin Benger ɗan Kanada. A 2025 ya dawo da halinsa, har aka rage masa lokaci zuwa sakan 10, kuma da ya faɗi a na 33 aka hana shi shiga sauran wasannin shekarar. Masu goyon bayansa na cewa an yi masa taron dangi, agogon ya zama makami. Ni dai abin da na gani shi ne mutum ɗaya na cin lokacin mutum takwas, kuma babu mai rabon da zai iya tsayar da shi shi kaɗai.

Amma zancen makamin nan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ana iya kira wa mutum agogo don a rikita shi, alhali duk abin da ya tara ne ke kan tebur kuma bai fi minti ɗaya yana tunani ba. Ana kuma iya jin kunyar kira wa wani babba, a bar shi ya yi minti goma. Shi ya sa gasar WPT ta kawo agogon tebur. A tsarinta na 2017, idan an kusa kai wa kuɗi, kowa sakan 30 ne gare shi, mai rabo ke danna agogon, kowa na ganin lambobi na sauka. Ana ba kowa ƴan ƙwandaloli na ƙarin lokaci, kowace ɗaya sakan 30, ka jefa ta idan ka haɗu da shawara mai nauyi. A nan iko ya ɗan dawo hannun mai rabo, amma ba ra'ayinsa ke aiki ba, maɓalli kawai yake dannawa, kuma iri ɗaya yake danna wa kowa.

Dalilin da ya sa duk wannan ya dame ni yana fadarmu, inda muke belot da dare bayan an tashi daga karatu. Ba kuɗi a ciki, sai shayi da baƙar magana. Mutum huɗu ke zama, karta 32, saura na tsaye suna jiran wanda za a ci ya tashi. Akwai wani yayanmu a unguwa, ya girme mu da shekaru, idan layi ya zo kansa sai ya jera kartarsa, ya sake jerawa, ya kurɓi shayi, ya amsa waya. Wata rana wani sa'ana da ke rabo ya ce masa, "Yaya, don Allah a sako, mutane na jira." Sai ya aje karta ya ce, "Kai, yaushe aka haife ka da za ka ƙirga mini lokaci?" Daga nan fada ta rabu biyu. Wasu suka ce yaron ya yi rashin kunya, wasu suka ce gaskiya ya faɗa. Sati biyu ba a shimfiɗa tabarmar karta ba.

Ni a tsakiya nake, domin ni ma mai jinkirin tunani ne. Ina son in ƙirga atu nawa suka fita, in tuna wa ya yanke mi, kafin in saki valena. Idan aka fara "yi mana, yi mana", kaina kullewa yake. Saboda haka ban taɓa son mai gaggawa ya zama shi ne sarkin tebur ba. Amma na sha tsayuwa a bayan masu wasa har sanyin dare ya sauko ban samu zama ba, don mutum ɗaya ya mayar da kowane hannu zaman shari'a. Na san zafin ɓangarorin biyu. Kuma da na duba, abin da ya ɓata ran yayan nan bakin da maganar ta fito ne. Sa'an nawa yana cikin wasan, yana ɓangaren da ke son ya yi kuskure, ga shi kuma ƙane. Ko da gaskiya ya faɗa, ta fito ne daga wanda ke da riba a cikinta.

Da aka dawo zama, na kawo shawarar da na aro daga teburin Las Vegas, ban ma faɗi inda na samo ta ba. Kafin a raba karta, a yarda da adadi: sakan 30 ga kowa, da damar neman ƙari sau biyu a wasa guda. Wanda ke cikin wasa ba ya ƙirga wa kowa. Mai dafa shayi, tunda ba ya wasa, shi ke riƙe salula. Idan lokaci ya cika sai ya ƙwanƙwasa murfin buta, ba ya cewa komi. Yayan ya yi dariya ya ce, "Wato yanzu ɗan autan fada ne alƙalina?" Aka ce masa, "A'a Yaya, buta ce." Ya yarda, domin da bakinsa ya amince da talatin ɗin tun kafin ya ga kartarsa. Har yanzu yakan yi gunaguni idan murfi ya yi ƙara, amma da buta yake faɗa, ita kuwa ba ta da uwa balle a ce ba ta da tarbiyya. Ni ma na samu sauƙi, don cikin sakan talatin ɗina ba mai ce mini kanzil.

Ban ce komi na rayuwa a sa masa agogo ba. Akwai shawarar da ke son kwana, kuma wanda ya ce a yanke zancen aure ko na barin karatu cikin sakan 30 ba masoyinka ba ne. Ina magana ne kan wuraren da lokaci na kowa ne, inda jinkirin ɗaya ke fita daga aljihun saura. Mun san su. Taronmu na marubuta ɗaya ne daga ciki: mutum goma sha biyu kowa da rubutunsa, na farko ya yi rabin awa yana gabatarwa, na ƙarshe, wadda sau da yawa ƙanwarmu ce da dole ta koma gida kafin magariba, ta naɗe takardarta ba ta karanta ba. Shugaban zama na jin nauyin katse abokinsa, in kuma ya katse wanda ba sa shiri, a ce da gayya ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙo a zamanmu na gaba. Mu faɗi mintin kowa tun kafin a san wa zai fara. Mu ba da agogo ga wanda ba ya karatu a ranar. Mu yarda tun farko da abin da zai faru idan lokaci ya cika, don kada a tsaya ciniki a lokacin. Wanda rubutunsa ke bukatar ƙari ya nema sau ɗaya, a ba shi ba tare da harara ba. In an rasa mai riƙe agogon, ni na ɗauka, kuma zan zo da murfin buta.