Ƙasar da ta sha maganin fara

Litinin, Madawa
Maigarin wani ƙauye ya kai mu tsohuwar magazar da aka taɓa jibge maganin fara. Tano ko ɗaya babu, an daɗe da kwashewa, amma daɓen ya yi baƙi ya yi maiƙo, wari yana kama maƙogwaro tun daga ƙofa. Gangare kaɗan sai fadamar Tarka, garakan albasa kore shar, rijiyoyinsu ba zurfi. Rijiyoyin nan su suka tayar mini da hankali.

Talata
Mun ɗebi ƙasa a kwalabe za a kai awo Yamai. Wata tsohuwa ta tsaya daga nesa ta ce, "Ɗana, awakina nan suke wuni, da illa?" Na ce, "Inna, ki raba su da wurin, kuma kada a ƙara ɗibar ƙasar nan don yaɓe."

Laraba
Maigari ya tambaya ko ruwan sama bai wanke ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa tura shi yake ƙasa, wajen rijiya." Maganin ma iri-iri ne. Irin wanda aka fesa wa farar 2004, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye shi in sun samu taki da danshi da iska. Dieldrin na zamanin da kuwa yana shekara da shekaru, ya taru a kitsen dabba, ya shiga har nonon uwa, shi ya sa yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana shi. A 1991 an kwashe kusan ton 60 nasa daga Nijar aka ƙone a Holan. Na cikin tano aka kwashe, wanda ya tsiyaye yana nan inda ya zuba.

Alhamis
Mun bi dabarar da aka gwada a Molodo ta Mali tare da FAO. An haƙe ƙasar, an baje ta a fage mai ganuwa, an cuɗa da kashin shanu da dakakken gawayi, gawayin ya riƙe dafin kada ya nutse. Jema a gefe, shingen ƙaya a kewaye. Sauran aikin ban ruwa ne da juyi, wata da watanni.

Juma'a, Buza
A kasuwa ga piya-piya a kwalabe kusa da buhun wake, ga jarkar magani an ɗauraye an zuba man gyaɗa. Raina ya ɓaci.

Asabar, Keita
Matan nan sun san farfaɗo da ƙasa tun aikin da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, da kansu suka yi dakon duwatsu. Irinsu nake so a danƙa wa fagen, a biya su, a ba su safar hannu da takalman roba. Kafin sakamako ya dawo daga Yamai, maigari zai sa a rufe rijiyar da ta fi kusa da magazar.