Takardar da anka naɗe mini ƙosai

Yau ba a rediyo za ku ji ni ba, a nan zan rubuta, don abin ya tsaya mini a rai tun sati biyu.

Na sauka tasha a Tawa da sassafe, na sayi ƙosai na dala ashirin, yarinyar ta naɗe mini cikin farar takarda. Sai da na cinye na lura da abin da ke jikinta: fotokofin katin ɗan ƙasa na wani dattijo, ga hotonshi, ga sunan uwa da uba, a ƙasa kuma an rubuta lambar wayarshi da bik, da wata jimillar kuɗi. Na tambayi yarinyar, ta ce uwarta ke sayen tsoffin takardu a kasuwa.

Kun san Adar. Gida kaɗan ne ba ya da ɗan bida a Abijan, Libiya ko Aljeriya. In yaro ya aiko kuɗi, sai tsoho ya je ya miƙa kati, a rubuta lambarshi, da sunan wanda ya aiko, da nawa ne. Haka wajen sayen layin waya. To duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunshi ya san gidanka sarai. Shi ne za ya kira da dare ya ce ɗanka ya yi haɗari, a turo jika hamsin maza. Sau nawa kunka kira cikin shiri kuna ba mu irin wannan labari?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akwai doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum tun watan Mayu na 2017, aka sake ta da sabuwa a Disamba 2022, kuma akwai hukuma a Yamai, HAPDP, da ke sa ido a kai. Duk kamfani ko shago da ya karɓi sunanka, hotonka ko lambarka, amana ce a wuyanshi. Dole ya gaya maka abin da za ya yi da su, kada ya yi wani abu daban da su, kada ya ba wani haka kawai, ya adana su inda hannu ba ya kai. In buƙatarsu ta ƙare, ba a jibge su har su kai wajen mai ƙosai. Kai kuma kana da ikon ka tambayi abin da anka rubuta a kanka, in da kuskure a gyara, in an cuce ka ka kai ƙara hukumar.

Amma kafin in nuna wani da yatsa, bari in faɗi nawa. Ina da kaye guda cike da lambobinku, na masu gaishe-gaishe da masu sanarwar biki da rasuwa. Bara wani ɗan kasuwa ya roƙe ni in ba shi ya tura tallar taki. Ban ba shi ba, amma wallahi ba don doka ba, ƙyuyar kwafewa ce ta hana ni. Kayen nan kan tebur yake kwana, kowa na iya buɗawa. Yanzu na sa shi a akwati na kulle.

Ni dai daga yau in zan ba da fotokofi, sai na rubuta a kanshi don mi na ba da shi, da kwanan wata, ta yadda ba za ya yi wani aiki ba.

Dattijon nan na kira shi. Na ce, "Baba, katinku na tsinta a takardar ƙosai." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, su sunka ce in kawo, na kai. Ban san ana tambaya ba." Ya roƙe ni in ƙone ta. Na ƙone a murhun mai shayi, nan bakin tasha.